Bindigar Sojan Suwidin: Hajar Da Ta Haura Shekara 100 Amma Darajarta Ba Ta Faɗi Ba

Duk wanda ya daɗe yana harkar kayan gwanjo a kasuwannin kan iyaka ya san cewa akwai haja iri biyu. Akwai wadda da zarar ta bar hannun mai ita na farko sai kuɗinta ya yi ta sauka har ta koma kayan bola, akwai kuma wadda tsufa ba ya rage mata komai, sai ma dai ya ƙara mata masu nema. A yau shafin namu zai leƙa ƙasar Suwidin da ke arewacin Turai, domin mu ba masu karatu labarin wata haja irin ta biyu, wato tsohuwar bindigar sojan ƙasar da aka fi sani da Mauser ta Suwidin. An fara ƙera ta tun kafin shekara ta 1900, sojojin ƙasar sun daɗe da ajiye ta, amma har yau masu tara kayan tarihi da maharba masu lasisi a Turai da Amurka suna neman ta. Dalilin da ya sa ta riƙe darajarta abu ne da kowane ɗan kasuwa zai gane, domin magana ce ta ingancin kaya da gaskiyar ma'auni.

Yadda aka faro

A shekara ta 1884 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Faransa mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 sojan Faransa suka fito da bindigar Lebel mai amfani da shi. Wannan abu ya rikita lissafin dukkan rundunonin Turai, saboda sabon albarushin yana tura ƙaramin harsashi da sauri kuma da nisa fiye da tsohon baƙin albarushi, ga shi kuma ba ya tona asirin inda mai harbi yake ɓoye. A wancan lokaci sojan Suwidin na riƙe da bindigar Remington ta 1867, wadda ake ɗura wa harsashi ɗaya tak a kowane harbi. Sai ya zama tilas su ma su nemi sabuwa.

Idan ba a manta ba, a wancan zamani Suwidin da maƙwabciyarta Norwe suna ƙarƙashin sarki ɗaya ne. Don haka ƙasashen biyu suka kafa kwamiti na haɗin gwiwa, wanda ya amince da harsashi iri ɗaya mai kaurin milimita 6.5, mai kwanso tsawon milimita 55, shi ya sa har yau ake kiransa 6.5x55. An karɓe shi a hukumance a 1894. A kan harsashi an daidaita, amma a kan bindiga kowa ya kama gabansa: Norwe ta zaɓi tata ƙirar mai suna Krag-Jørgensen, ita kuwa Suwidin ta juya ga kamfanin Mauser da ke garin Oberndorf na ƙasar Jamus.

Ƙirar Mauser ita ce irin bindigar nan mai sakata. Kamar dai sakatar ƙofa, soja zai ɗaga hannun sakatar, ya ja ta baya ta fitar da kwanson da aka harba, ya tura ta gaba ta ɗauki sabon harsashi, sannan ya danna ta ƙasa ta kulle. Cikinta yana ɗaukar harsashi 5, waɗanda ake zura su gaba ɗaya daga sama da ɗan siririn ƙarfe da ke riƙe da su a jere.

Gajeriyar ce ta fara zuwa, wadda aka yi wa lamba m/94 saboda shekarar da aka karɓe ta, an yi ta ne don mahaya dawaki da masu igwa, tsawonta bai kai mita ɗaya ba. A 1896 aka karɓi doguwar ta sojan ƙasa, wato m/96, mai tsawon mita 1.26 da nauyin kimanin kilo 4. Kamfanin Mauser ya ƙera kimanin 12,000 na gajeriyar da kimanin 40,000 na doguwar, amma da sharaɗin cewa ƙarfen da za a yi aikin da shi daga Suwidin za a kawo shi. Mutanen Suwidin sun daɗe da yin suna wajen haƙar tama da narka ƙarfe mai kyau, kuma ba su yarda su miƙa wannan ɓangare ga kowa ba, ko da Jamusawa ne. Daga 1898 kuma masana'antar gwamnati ta Carl Gustaf da ke garin Eskilstuna, wadda aka kafa tun 1812, ta karɓi aikin, inda ta ƙera fiye da 400,000 na doguwar kafin ta dakata a farkon shekarun 1930.

Mai duba kayan da ya gyara ma'aunin duniya

A cikin waɗanda gwamnatin Suwidin ta tura Oberndorf don su duba kayan da aka yi oda kafin a karɓa, akwai wani ma'aikacin masana'antar Eskilstuna mai suna Carl Edvard Johansson. Matsalar da ke gabansa ita ce, bindigar soja dole ne kowane sashe nata ya shiga kowace 'yar'uwarta ba tare da an goga ko an daddatsa ba, domin a fagen daga babu lokacin kai gyara wurin maƙeri. Jamusawa suna tabbatar da haka ne da tarin ma'aunai masu yawan gaske, kowane sashe da nasa. Johansson ya ga cewa masana'antarsu ba ta da kuɗin sayen irin wannan tari, don haka a hanyarsa ta komawa gida cikin jirgin ƙasa ya yi ta lissafin wata dabara.

Dabarar ita ce a yi 'yan ƙananan tubalan ƙarfe, kowane da kaurinsa da aka sani daidai wa daida, a goge fuskokinsu su yi sumul ta yadda idan aka haɗa biyu za su manne da juna kamar an sa musu gam. Da akwati ɗaya mai tubala 103, ana iya harhaɗa ma'auni daban-daban har kusan 20,000. A gida ya fara aikin, shi da matarsa Margareta, da keken ɗinkin da ya mayar na'urar guga. Ya fito da akwatin farko a wajajen 1896, ya sami takardar mallakar ƙirar a 1901, kuma a 1923 attajirin nan mai kamfanin motoci na Amurka, Henry Ford, ya ɗauke shi aiki ya kuma sayi reshen kamfaninsa na can. Har yanzu masana'antun duniya da irin waɗannan tubala suke gwada sauran ma'aunansu. Ashe ke nan idan mai sayar da kayan gyaran mota ya miƙo maka noti ka ɗaura ya zauna daram, akwai hannun wancan mai duba bindigogi a ciki.

Faifan tagulla a jikin ƙota

Abin da ya fi jan hankalin duk wanda ya fara riƙe wannan bindiga shi ne wani ɗan faifan tagulla, kamar girman tsohon kwabo, da aka ɗaure da ƙusa mai murɗi a gefen dama na ƙotarta. Ba ado ba ne. Da farko akan rubuta sunan rundunar da ke riƙe da bindigar a jikinsa, daga baya aka canza shi ya zama shaidar lafiyar bututun. An raba faifan gida uku. Gida ɗaya yana nuna faɗin cikin bututun kamar yadda aka auna shi, har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Gida na biyu yana ɗauke da lambobi 1 da 2 da 3. Idan mai duba makamai na soja ya leƙa bututun ya ga ɗan dishi-dishi kaɗan, sai ya buga alama a kan 1. Idan tsatsa ta fara kamawa, a kan 2. Idan ta yi yawa amma har yanzu za a iya amfani da shi, a kan 3. Wanda babu alama a kansa shi ne mai lafiya kamar sabo, wanda kuma ya wuce 3 ana cire bututun ne a sa wani. Gida na uku yana gaya wa soja yadda zai gyara saiti idan ya yi amfani da sabon harsashi mai tsini da aka fito da shi a 1941.

A taƙaice, hukumar da ta mallaki kayan ita ce da kanta take buga aibin kayanta a jikinsa, inda kowa zai gani. Haka kuma an buga lambar bindigar a jikinta, aka maimaita lambobi ukun ƙarshe a kan sakata da sauran ƙananan sassa, ga kuma haruffan farko na sunan hafsan da ya duba ta ya amince, da tambarin kambun sarauta, da shekarar da aka ƙera ta. Mai saye a yau, ko da bai san mai sayarwa ba, yana iya karanta tarihin kayan a jikin kayan. Wannan shi ne babban abin da ya raba ta da sauran tsofaffin bindigogin soja da yawa, waɗanda sai an kwance an gwada kafin a san abin da aka saya.

Bindigar da ba ta ga yaƙi sosai ba

Sai dai kuma gaskiya ita ce, ba ingancin ƙira kaɗai ya adana ta ba, akwai kuma sa'a. Rabon Suwidin da shiga yaƙi tun 1814. A 1905, lokacin da Norwe ta ce za ta ɓalle, ɓangarorin biyu sun jibge sojoji a kan iyaka, kowanne da harsashi iri ɗaya a aljihu, amma aka sasanta a teburin shawara a garin Karlstad ba tare da an yi harbi ba. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ma ƙasar ta kasance 'yar ba-ruwanmu, kuma ba ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO ba sai a watan Maris na 2024. Saboda haka yayin da bindigogin Jamus da Rasha da Ingila suka sha laka da ruwa da jini a ramukan yaƙi, na Suwidin sun yi rayuwarsu ne tsakanin filin atisaye da ma'ajiyar makamai, ana goge su ana shafa musu mai ana duba su a kan lokaci.

Inda ta ɗanɗana yaƙi na gaske shi ne a ƙasar Finlan. A ranar 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta afka wa Finlan a yaƙin da ake kira Yaƙin Hunturu, wanda ya ƙare a watan Maris na 1940. Suwidin ta tura wa maƙwabciyar tata fiye da 70,000 na waɗannan bindigogi, sannan 'yan sa-kai kimanin 8,000 suka tsallaka don taimakawa. Waɗanda suka shiga hannun sojan Finlan akan same su da tambarin haruffa SA a cikin ɗan akwati, kuma masu tara kayan tarihi suna neman wannan tambari musamman.

Tsoron yaƙin ya sa Suwidin ta sake waiwayar makamanta. Tun a 1938 aka fara rage tsawon wasu daga cikin dogayen don su fi daɗin ɗauka ga sojan da ke shiga mota, aka kira su m/38. An gajarta kimanin 55,000, sannan kamfanin Husqvarna ya ƙera sababbi kimanin 88,000 a farkon shekarun 1940. Bayan haka aka tsame kimanin 5,000 da suka fi kowanne saiti, aka ɗora musu madubin hangen nesa don gwanayen harbi, su ne m/41. Sunan Husqvarna ba baƙo ba ne ga masu sayar da injin yankan katako. Kamfanin ya faro ne a 1689 a matsayin maƙerar bindigogin sarki, da cinikin bindiga ya ja baya sai ya shiga yin keken ɗinki a 1872, daga baya keke da babur, sannan injin zarto a 1959. Tambarinsa na yau ma daga siffar saitin bakin bindiga aka ɗauko shi.

A shekarun 1960 sojan Suwidin suka koma ga bindiga mai sarrafa kanta ta AK4, wadda ƙirar G3 ce ta Jamus da aka ba su izinin yi a gida. Tsofaffin masu sakata suka koma hannun dakarun tsaron gida na sa-kai, waɗanda aka kafa a 1940, inda wasu daga cikinsu suka ci gaba da aiki har zuwa shekarun 1990. Wasu kuma aka sake musu ƙota da bututu suka zama bindigogin gasar harbi da ake kira CG 63, domin ƙungiyoyin koyon harbi na farar hula suna da tsohon tarihi a ƙasar.

Daga ma'ajiyar soja zuwa kasuwa

Da gwamnati ta buɗe ma'ajiyoyinta, dillalan da ke da izini suka kwashi kayan zuwa Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, rukunin farko a shekarun 1950, babban rukunin kuma daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990. Kamar yadda kowane ɗan kasuwa ya sani, idan kaya ya cika kasuwa kuɗinsa yakan karye. A wancan lokaci ana samun mai kyau a Amurka a ƙasa da dala 100. Da yake ba a sake ƙera ko ɗaya ba kuma ma'ajiyoyin sun ƙare, yau sai an ninka wannan kuɗi sau da yawa, mai madubin hangen nesa kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba.

A nan ne wasu suka yi asarar da ba su gane ba sai daga baya. Saboda araha, mutane da yawa sun yanke ƙotar, sun gajarta bututun, sun huda jikin ƙarfen don ɗora madubi, wai don ta yi kama da bindigar farauta ta zamani. A yau irin waɗannan da aka taɓa su ne mafi arha, wanda kuwa ya bar tasa yadda ta fito daga ma'ajiya, lambobinta duka sun dace da juna, shi ne ya ci riba. Mai tara kayan tarihi ya fi son tsohon tabo na asali a kan sabon fenti.

Ban da tarihi, akwai daɗin aiki da ita. Harsashin 6.5x55 siriri ne dogo, yana ratsa iska ba ya saurin rasa ƙarfi, kuma ba ya dukan kafaɗa da ƙarfi kamar manyan harsasan soja na zamaninsa. Fiye da shekara 100 ke nan maharban Suwidin da Norwe suna amfani da shi wajen farautar wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa da ta kai girman doki, kuma kamfanoni irin su Norma na Suwidin suna ci gaba da yin sa. A 2007 wani kamfanin Amurka mai suna Hornady ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor wanda ya yi farin jini ƙwarai, kuma masana harkar sun lura cewa abin da yake yi bai yi nisa da abin da tsohon na 1894 yake yi ba. Da ma Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ita ma tana da iyakarta. Ƙirarta ta girmi ta Mauser ta 1898, wadda aka ƙara wa ƙarfi da matakan kariya, don haka masana suna gargaɗin kada a ɗora wa tsohon ƙarfe nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Shi kansa faifan tagullar ma ba ya rantsuwa. Abin da yake faɗa shi ne halin da bututun yake ciki a ranar da soja ya duba shi na ƙarshe, wataƙila shekara 50 ko 60 da suka wuce. Bugu da ƙari, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi, kuma da darajar kayan ta tashi, an samu masu cire faifan da ke nuna 3 su maye gurbinsa da wanda ba shi da alama. Duk inda shaidar gaskiya ta yi tsada, sai an samu mai buga ta jabu, shi ya sa gogaggen mai saye yake karanta faifan sannan ya ɗaga bututun ya leƙa da idonsa.

Jan hankali ga 'yan kasuwa

Ya kamata a fahimci cewa wannan labari ne na tarihi, ba tallar haja ba. A ƙasashen da ake cinikin waɗannan bindigogi, ana yi ne ta hannun dillalai masu lasisi kuma a ƙarƙashin dokar kowace ƙasa. A yankinmu kuwa, inda bazuwar makamai ta rufe kasuwanni da dama ta kuma hana fatake bin hanyoyin da kakanninsu suka bi, bindiga ba hajar da ɗan kasuwa zai kusanta ba ce, tsohuwa ce ko sabuwa. A 2006 ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai, ƙasashen Afirka ta Tsakiya su ma suka yi tasu a Kinshasa a 2010, kuma kowace ƙasa tana da dokarta mai tsanani kan mallaka ko tsallaka iyaka da makami ba tare da izini ba. Duk direba ko ɗan kasuwar da aka ba shi ƙunshi ya kai wani gari, ya tabbata ya san abin da ke ciki kafin ya ɗora a mota, domin idan jami'an duwan ko jandarmomi suka buɗe suka ga makami, wanda aka kama da kaya shi zai amsa tambaya.

Abin ɗauka a labarin shi ne yadda mutanen Suwidin suka riƙi kayansu. Sun zaɓi ƙarfe mai kyau, sun auna komai da ma'aunin da ba ya canzawa, sun buga sunan wanda ya duba, kuma da aibi ya bayyana sun rubuta shi a fili maimakon su shafe shi da mai. Waɗanda suka yi wannan aiki duk sun rasu, amma har yau wanda bai taɓa zuwa Eskilstuna ba yana fitar da kuɗinsa ya saya saboda ya yarda da abin da suka buga. Mai sayar da injin ban-ruwa ko babur ko keken ɗinki na hannu da ya saba gaya wa mai saye inda kayan ya taɓa lalacewa da abin da aka canza a ciki, wataƙila ya rasa ɗan abin da zai samu a cinikin ranar, amma shi ne wanda za a sake nema a kasuwa mai zuwa, a kuma aiko masa da wasu. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya.